Ka Tambayi Baƙonka Kafin Ka Ɗora Tukunya

Yau kicin za mu shiga, kuma maganar ta fi shafar wanda neman ilimi ko neman halali ya kai shi ƙasar waje, ko da yake wanda ke gida ma zai tsinci abin ɗauka. Duk wanda ya ɗan daɗe yana aiki a cikin Turawa ya san akwai ranar da zai ga ya kamata ya kira abokan aikinsa gida su ci abinci. Sun sha jin ƙamshin abin da yake ɗumamawa a ɗakin hutu, sun sha tambayarsa mene ne wannan, wasu sun kai shi nasu gidajen, wata ta karɓar masa aikin dare ranar da ɗansa ya kwana da zazzaɓi. Alheri irin wannan yana son ramuwa, mu kuwa da tukunya muka saba ramawa.

Ni a birnin Lesta nake, a tsakiyar Ingila, ina aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, kuma ni da maigidana mun shirya irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Abin da nake so in jawo hankalinka a kai shi ne wasu ɗabi'u biyu na karɓar baƙo da aka tarbiyyantar da mu a kansu, waɗanda a gida mutunci ne, amma a nan suna iya kai mutum gadon asibiti. Ta farko, ba ma tambayar baƙo abin da yake ci. A wurinmu wanda ya ce wa baƙo "za ka ci abinci?" ya fara nuna alamar rowa, kawowa ake yi a ajiye masa. Ta biyu, ba ma yarda da "na ƙoshi". Mun san baƙo na kirki sai ya yi kara, don haka sai mu matsa, mu ƙara masa, mu ce ai bai taɓa komai ba. To a teburin da Bature da Ba'indiya da 'yar Filifin suka zauna, tambayar da muke kunyar yi ita ce babbar karramawa, kuma "na ƙoshi" ɗinsu gaskiya ce tun a karon farko.

Bari in fara da gyaɗa, domin ita ce ta fi ba ni tsoro. A Ingila ana ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 50 jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa, kuma mafi yawansu da abin suke girma. Mu da aka yaye mu da kunun gyaɗa yana mana wuya mu ɗauki maganar da gaske, sai mu zaci tsirfa ce ta waɗanda suka ƙoshi. Ba tsirfa ba ce. Garkuwar jikin mai wannan alaji tana ɗaukar furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba, kuma ɗan abin da ya manne a bayan cokali ya isa ya tayar da borin jini, leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi cikin 'yan mintuna. Wannan mataki na ƙarshe shi ake kira anafilaksis. Dahuwa ba ta kashe furotin ɗin, suya ba ta kashe shi, gashi ma haka. (Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2015 ya nuna cewa fara ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage haɗarin kamuwa da wannan alaji da kusan kashi 80 cikin 100. Ranar da na karanta shi iyayenmu mata na tuna, da ludayinsu na kunu.)

Matsalarmu ita ce gyaɗa ta shiga abincinmu ta sake suna, har ba ma ganinta. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa. Miyan taushe da gyaɗa ake ɗaure ta. Kwaɗon zogale da na rama, labun kilishi, faten tsaki na wasu gidaje, man da aka aiko daga gida ana soya ƙosai da masa da shi, duk ita ce. Na taɓa halartar wata walimar suna a gidan wasu 'yan uwa a nan, inda maƙwabciyarsu Baturiya ta tambaya ko akwai gyaɗa a naman da aka gasa. Uwar gida ta ce babu, kuma iyakar gaskiyarta ta faɗa, domin ba ta zuba gyaɗa ba. Yaji ta barbaɗa. Ba a yi minti goma ba leɓen matar ya fara tashi, muryarta ta dishe. Allah ya sa tana tafe da allurarta a jaka. Uwar gidan nan ta fi sati ba ta barci sosai, ni kuwa har yau ina tuna yadda falon ya yi tsit.

Dokar wannan ƙasa ta tilasta wa duk mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 in suna cikin abin da yake sayarwa. Daga ciki akwai gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, waken suya, alkama da danginta, seleri, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu, da jatan lande, wato kirefish ɗin nan da muke dakawa mu zuba a miya ba tare da mun lissafa shi ba. An ƙara tsaurara dokar a watan Oktoba na 2021 bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, wadda a 2016 ta ci burodin da ta saya a filin jirgin sama na Hitiro, ashe akwai riɗi a cikin ƙullin, ba a rubuta a jikin takardar ba. A cikin jirgi abin ya kama ta. Dokar ba ta hau kanka ba, kai da ke ciyar da abokai a falonka kyauta, sai dai jikin baƙonka bai san bambancin shago da gida ba.

Abin da nake yi ba shi da wuya. Mako biyu kafin ranar, saboda jadawalin aikin asibiti ba ya barin mutum shida su sami hutu dare ɗaya cikin sauƙi, nakan tura wa kowa saƙo ta WhatsApp, shi kaɗai. In rubuta abin da nake shirin dafawa da abin da ke cikin kowanne, sannan in ce: "In akwai abin da ba ka ci, don lafiya ne ko don addini ko don ba ka so kawai, ka gaya mini, ba sai ka faɗi dalili ba." Idan aka sami mutum ɗaya mai alajin gyaɗa, to ranar gyaɗa ba ta shiga girkina sam, ba na yin tukunya biyu. Kicin ɗin gidan haya ƙarami ne, ludayi yakan yi yawo daga wannan tukunya zuwa waccan, kuma mai girki da ke sauri ba ta iya rantsuwa a kan hannunta. Yajin da aka aiko mini daga gida nakan mayar da shi cikin kabad, ko da an ce ba a sa ƙuli ba, domin injin da ya niƙa shi ya niƙa na wasu kafin nawa. Nakan haɗa sabo da citta, masoro, kanumfari, kimba, tafarnuwa da ɗan barkono, a bilendar da na wanke da sabulu da ruwan zafi. Ba zai yi daɗin na mai tsiren bakin titi ba, wannan kam gaskiya ne, amma baƙina ba su san wancan ba balle su yi kewarsa. Maganar kilishi kuwa ba ta ma taso ba: doka ta hana matafiyi shigo da nama daga Najeriya ko Nijar zuwa Birtaniya.

Ko da ka yi duk wannan, ka san abin yi in ƙaddara ta faɗa. Wanda ya san yana da alaji mai tsanani yakan riƙe allurar adirenalin guda biyu, irin su EpiPen ko Jext. In ka ga numfashinsa na sarƙewa, ko murya ta canza, ko jiri ya kama shi bayan cin abinci, a soka masa allurar nan take a gefen cinya ta waje, ko ta saman wando ne. A kira 999 a ambaci anafilaksis. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi na masa wuya a jingina shi ya ɗan zauna, amma kada a tayar da shi tsaye, kada a ce ya taka zuwa mota. In minti 5 ya wuce bai farfaɗo ba, a yi ta biyu. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta maye gurbin allurar nan, haka nan madara ko manja da mukan ɗura wa wanda ya ci guba ba su da wurin zama a nan.

Alkama ita ce ta biyu. Kusan mutum ɗaya cikin 100 a ƙasar nan yana da cutar siliyak, wadda gulutin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir ke sa garkuwar jiki ta riƙa cin bangon hanji. A nan abincinmu yana da sa'a: shinkafa, gero, dawa, masara, acca, wake da doya duk babu gulutin a cikinsu. Tuwon shinkafa lafiya lau ne, alale ma haka. Amma tuwon semo alkama ce tsantsa, kuskus ɗin kanti alkama ne, wasu na ƙara fulawa a ƙullin masa, kuma da yawa daga cikin dunƙulen ɗanɗano suna ɗauke da alkama ko waken suya ko seleri. Ka juya bayan kwalin ka karanta, kuma kada ka jefar da shi. Ka ajiye inda baƙo zai iya dubawa da kansa. Nakan rubuta 'yar takarda in ajiye a gaban kowane kwano, da sunan abincin da abin da ke ciki. Maigidana yakan yi mini dariya ya ce na mayar da teburinsa kantin magani. Na lura kuwa takardun nan su ke buɗe hira, don sai an tambaye ni mece ce daddawa, in shiga bayanin itacen ɗorawa da kalwa.

Lesta gari ne da ya tara jama'a daga Indiya, musamman 'yan Gujarat, don haka da wuya ka tara abokan aiki shida ba ka sami wanda ba ya cin nama ba. A nan ma akwai abin da ke ɓuya. Dafa-dukan da aka yi da romon kaza nama ne a wurinsa, ko da bai ga tsoka ba. Tsame naman daga miya ba ya mayar da ita ta ganye. Bahindu mai cin nama yawanci ba ya cin na sa. Mabiyin addinin Jain da ya riƙe shi sosai ba ya cin albasa da tafarnuwa da dankali. Wanda ya fi ba Musulmi mamaki shi ne wasu mabiya addinin Sik, waɗanda koyarwarsu ta hana su cin naman da aka yanka da sunan ibada, wato irin namu na halal. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙyama. Kai da ka sha zama a liyafar ofis kana tsintar latas saboda ba ka san yankan waye ba, kai ya fi cancanta ka gane.

Sai maganar magunguna, wadda ita ce gonata. Mutane kan tambaye ni ko zoɓo zai cutar da mai shan maganin hawan jini. Gaskiya ne zoɓo na sauke jini kaɗan. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka fitar a 2010, kofi uku kullum har mako shida ya rage lambar sama da kusan maki 7. Kofi ɗaya a daren liyafa ba abin tayar da hankali ba ne. Mai ciki dai akan shawarce ta ta bar shi, shi ya sa ya kamata a sami wani abin sha a gefe, a kuma bar sukari a mazubinsa kowa ya zuba wa kansa. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, yana lura da yawan bitamin K da yake ci, kuma alayyahu da sauran ganyen miya cike suke da shi. Kwano ɗaya ba zai rikita masa lissafi ba, amma haƙƙinsa ne ya san abin da ke gabansa. Masu shan sababbin irin su afiksaban ba su da wannan damuwa. Akwai kuma 'yan tsirarun mutane da ke shan tsofaffin magungunan ciwon damuwa irin su fenelzin, waɗanda aka hana su tsohuwar cuku da duk abincin da aka tsima ya ruɓa, saboda sinadarin tayiramin da ke iya harba musu jini sama farat ɗaya. Daddawa ta wannan dangi ce. Takardar da likitansu ya ba su ba ta san da daddawa ba, sai in kai ka faɗa musu cewa wake ne da aka tsima. Kanwa kuma, duk da sunan da ake ba ta a kanti, sodiyom ne ya fi yawa a cikinta, 'yar uwar gishiri ce, sai a sassauta hannu.

Duk da haka ban taɓa tambayar abokin aiki wane magani yake sha ba, kuma ina roƙonka kada ka yi. Mutumin da kuke aiki tare yana da haƙƙin ɓoye ciwonsa, musamman a wurin da ake lissafin wa zai sami ƙarin girma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Naka shi ne ka faɗi abin da ke cikin tukunya. Shi ya san abin da ke cikin jikinsa, zai haɗa lissafin da kansa ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

Wannan ya kawo mu ga "ƙara mana". Ka dubi mutanen da ke teburinka da idon wanda ke raba magani. Wata tana da ƙaramin ciki da ba ta sanar ba tukuna, ƙamshin mai kaɗai na tayar mata da zuciya. Wani yana yin allurar rage ƙiba ta mako-mako, irin su Wegovy ko Mounjaro, waɗanda ke sa abinci ya daɗe a tumbi. In ya ci fiye da 'yan lomomi, musamman mai maiƙo, amai zai kwana yi. Wani an rage masa tumbi da tiyata. Wata ta yi shekaru tana fama da ciwon ƙin abinci, zuwanta gidanka ma jarumta ce, kuma duk idon da ya sauka a farantinta nauyi ne a kanta. Babu ɗaya daga cikinsu da zai tsaya ya yi maka bayani a gaban jama'a. In ka matsa, ko dai ya ci ya wahala don kada ya kunyata ka, ko ya ƙi ya tafi yana jin ya yi maka laifi. Hanyar da ta fi ita ce a jera abinci a tsakiya kowa ya ɗiba da hannunsa, ka yi tayi sau ɗaya da sakin fuska, ka bar shi nan. Na san da ciwo. Ranar farko da na ga wata abokiyar aikina ta ɗauki masa biyu rak ta ajiye cokali, sai da na danne harshena, domin muryar mahaifiyata nake ji a kunnena tana cewa yarinyar nan ko ba ta da lafiya ne. Daga baya ita ce ta roƙi in rubuta mata yadda ake ƙullin.

Tuwo da miyan kuka, a ra'ayina, a bar su sai zuwa na biyu. Yauƙi abu ne da sai an saba, kuma bai kamata mutum ya fara koyon yanka loma a gaban shugabarsa ta aiki ba. Dafa-duka, masa da miyan kabewa, alale, soyayyar agada da gasasshiyar kaza ba su taɓa ba ni kunya ba. Barkono a ajiye shi gefe.

Lokaci ma magana ce ta lafiya. In ka ce ƙarfe bakwai, bakwai da 'yan mintuna za ka ji ƙararrawar ƙofa, kuma sun zo da yunwarsu, ba su taɓa komai a gida ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan gilikilazayid ya tsara maganinsa a kan lokacin da ka faɗa. In abinci bai sauka ba sai tara da rabi, sukarinsa na iya faɗuwa, ka ga mutum na gumi yana rawar hannu. Amma kada tsoron makara ya sa ka dafa shinkafa tun azahar ka rufe ta a kan murhu. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ƙwayayenta ke tsira daga tafasa. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai su farka su zuba dafin da sake ɗumamawa ba ya kashe shi. Shawarar hukumar kula da abinci ta ƙasar nan ita ce a huce ragowar shinkafa cikin awa ɗaya a sa a firij, kada ta wuce kwana ɗaya, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta, har sai ta yi tururi ciki da waje. Ka tuna da wannan in za ka ƙulla wa baƙi ragowa su tafi da ita. Ka yi tunanin mutum shida na sashe ɗaya sun wayi gari da amai ranar Litinin, kuma kowa ya san gidan da suka ci. Hukumar ta kuma hana wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo, saboda feshin ruwan ke watsa ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da katakon yanka. Wuta ce ke kashe su, in tsakiyar naman ya kai digiri 75. Na san wannan magana ba za ta yi wa iyayenmu daɗi ba.

Giya ba ta buƙatar dogon zance. Al'adarsu ce baƙo ya zo da kwalbar giyar inabi a hannu, kamar yadda mukan riƙe goro ko lemo. Layi ɗaya a cikin saƙon gayyata ya wadatar: gidanmu ba a shan giya, kada kowa ya wahalar da kansa da tsaraba. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba; furanni da cakulan suke kawowa.

Bayan wata ɗaya ko biyu za a rama maka gayyata, kuma za ka ga saƙo ya shigo ana tambayarka abin da ba ka ci. Kada kara ta sa ka ce komai ma ya yi. Ka ambaci naman alade da kitsensa, da naman da ba yankan halal ba in kana kiyaye wannan, da jelatin da ke shiga kayan zaƙi da yawa, ka ce kifi ko abincin ganye ya ishe ka don ka sauƙaƙa wa mai gida. Ka ambaci giyar da suke zubawa a miya da sunanta, domin da yawansu sun yarda cewa wuta na ƙone ta duka, su ma ba sa lissafa ta kamar yadda ba ma lissafa ƙuli. Awon da aka yi a Amurka ya nuna cewa bayan rabin awa ana dahuwa kusan kashi 35 cikin 100 na barasar na nan a cikin tukunya, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai sauran kusan kashi 5.